Kwamfuta Ta Daskare? A Bincika Kafin A Yi Mata Fomatin

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Boɗinga ko Shagari da tsakar ranar watan Afrilu ya san wannan yanayin. Mutane sun yi layi, wani na son a buga masa silif ɗin jarrabawar JAMB, wata na jiran katin gayyatar biki, ga malamin makaranta da sakamakon ɗalibansa a cikin filash. Matashin da ke kan kwamfuta na tsaka da aiki sai komai ya tsaya cak. Linzami ya ƙi motsi, madannai sun ƙi amsawa. Ya danne maɓallin wuta har ta mutu, ya sake kunnawa, bayan rabin sa'a ta maimaita.

A irin wannan lokaci hukunci biyu ake yankewa, kuma duka biyun ba a jiran bincike. Na farko shi ne "bairos ne, a yi mata fomatin." Na biyu shi ne "bod ya tafi, sai an sayo wata." Mai shago ya zaɓi ɗaya gwargwadon nauyin aljihunsa. Wannan ɗabi'a tana cin kuɗi, tana cinye ayyukan mutane, kuma sau da yawa ba ta magance komai. Kwamfutar tebur da ke daskarewa tana barin alamomin da ke nuna ko matsalar daga manhaja take ko daga gangar jikinta, kuma karanta waɗannan alamomi bai fi ƙarfin matashin da ya iya sarrafa wayar Android ba. Abin da ya dace shi ne a yi gwaji tukuna, sannan a kashe kuɗi.

Dalilin da ya sa batun ya fi nauyi a wajen birni

Boɗinga da Shagari suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. Mai shago a Sifawa ko Danchadi ko Kajiji da kwamfutarsa ta lalace, galibi sai ya ɗauke ta a mota zuwa cikin birnin Sakkwato. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma faɗuwar darajar naira ta sa kayan gyaran kwamfuta, waɗanda kusan duka daga waje ake shigo da su, sun yi tsada. Kuskure ɗaya wajen gano cuta na nufin zuwa birni sau biyu, da rufe shago na kwanaki, da sayen abin da ba shi ne ya lalace ba.

Ga kuma abin da ke cikin kwamfutar. Wayar hannu ta karɓe ayyuka da yawa, amma har yanzu a kan kwamfutar tebur ake buga kundin kammala karatun ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na kwalejoji, a nan ake tsara sakamakon makarantu, a nan ake ajiye hotunan fasfo na rabin unguwa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka ɗalibin ƙauye da bai taɓa riƙe linzami ba, a irin waɗannan shaguna yake fara koyo. Idan injin ɗaya tilo na shagon ya zama ba a iya dogara da shi, mutane da yawa ne ke shan wahalar.

Daskarewa alama ce kawai

Zazzaɓi na iya fitowa daga cizon sauro, yana iya fitowa daga taifod, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Haka daskarewar kwamfuta take. Misalai biyu daga shekarar 2024 sun isa su nuna haɗarin yanke hukunci da ido.

A ranar 19 ga Yulin 2024 kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 a faɗin duniya suka faɗi suka nuna shuɗin allo. Filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya. Wanda ya ga injin a wannan hali zai rantse ya mutu. Alhali babu ko waya ɗaya da ta ƙone a ciki. Wani sabunta manhaja ne mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, kuma gyaransa shi ne a shiga Safe Mode a goge fayil guda.

A wannan shekarar kuma aka ga akasin haka. Masu kwamfutoci da wasu firosesan Intel Core na ƙarni na 13 da na 14 sun daɗe suna kukan wasanninsu na faɗuwa, suna zargin wasannin, suna zargin manhajar katin hoto, suna sake loda Windows. A watan Yuli kamfanin Intel ya amince cewa firosesan na neman ƙarfin wuta fiye da kima, abin da ke lalata shi a hankali, daga baya kuma ya ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Waɗanda suka yi ta fomatin sun bar jaki suna dukan taiki.

Idan injiniyoyin manyan kamfanoni sai da suka yi bincike kafin su gane, babu dalilin da zai sa a yarda da wanda ya kalli kwamfuta minti biyu ya ce ya san cutarta.

Mataki na farko: a kwashe kaya

Kafin kowane gwaji, a kwafe muhimman fayiloli zuwa filash, ko wata ma'adana ta waje, ko ma wayar hannu ta kebul. Wannan shi ne wurin da al'adar fomatin ta fi yin ɓarna. Idan ma'adanar HDD ce ke kan hanyar mutuwa, loda sabuwar Windows aiki ne mai nauyi da ke sa ta rubuta dubban fayiloli a jere, kuma yana iya zama abin da zai ƙarasa ta. Wani lokaci kuma fomatin na ɓoye ciwon na ɗan lokaci: injin ya yi mako biyu lafiya, mai shago ya saki jiki ya ci gaba da tara aikin mutane a ciki, sannan wata safiya ta ƙi tashi gaba ɗaya.

A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da wani bincike a kan ma'adanan HDD sama da 100,000 da kamfanin ke amfani da su. Sun gano cewa ma'adanar da ta nuna kuskuren farko wajen duba fuskar faifanta, yiwuwar mutuwarta cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayya sau 39. Sun kuma gano cewa kusan kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wani gargaɗi ba ko kaɗan. Darasin a fili yake: gargaɗi in ya zo a ɗauke shi da gaske, rashin gargaɗi kuma ba hujjar kwanciya barci ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wayar hannu ce kayan aiki na farko

Mafi yawan matasan da ke kula da waɗannan shaguna sun fi sanin waya a kan kwamfuta, kuma wannan ba naƙasu ba ne. Wayar tana iya yin ayyuka huɗu a nan. Na ɗaya, a buɗe wurin rubutu a riƙa ajiye tarihin kowace daskarewa: ƙarfe nawa, minti nawa bayan kunnawa, wane aiki ake yi, wutar NEPA ce ko janareta ko sola, me aka kunna a shagon a daidai lokacin. Na biyu, idan shuɗin allo ya fito a ɗauki hotonsa nan take, domin akwai sunan kuskuren a ƙasa. Suna irin MEMORY_MANAGEMENT kan karkata zargi ga RAM, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuma kan nuna gangar jiki ce ta kai ƙara. Na uku, tocilar waya na haska cikin akwatin. Na huɗu, da ita za a sauke ƙananan manhajojin gwaji a tura wa kwamfutar.

Tarihin kwana uku kacal kan fito da tsari. Kwamfutar da ke lafiya da safe ta fara rikici bayan azahar, zafi ne abin zargi. Wadda ke tsayawa duk lokacin da injin fotokwafi ya tashi, wuta ce. Wadda ke daskarewa a kan manhaja ɗaya kullum, ko tun ranar da aka saka wata sabuwar firinta, manhaja ce. Wadda ba ta da lokaci, tana iya tsayawa ko ba a taɓa ta ba, a dubi RAM da akwatin wuta.

Akwai kuma gwajin daƙiƙa biyar da za a yi a lokacin da ta daskare. A danna Caps Lock ko Num Lock a kalli ƙaramar fitilar madannai. Idan tana kunnuwa tana mutuwa, injin na raye, wata manhaja ce ta maƙale ko ma'adana ce ke jan ƙafa, kuma Ctrl da Shift da Esc za su iya buɗe Task Manager a ga mai laifin. Idan fitilar ta ƙi amsawa, tsarin gaba ɗaya ya tsaya, zargi ya ƙaru a kan gangar jiki ko manhajar direba. Idan sauti na ci gaba amma hoto ya tsaya, a gwada maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B, wanda ke sake tayar da direban hoto.

Windows ma tana ajiye nata tarihin. A rubuta Reliability Monitor a wurin bincike, za a ga jadawalin kwanaki da jajayen alamomi a ranakun da aka samu matsala, tare da abin da aka saka ko aka sabunta a ranar. A cikin Event Viewer kuwa, saƙonnin da ke ɗauke da sunan disk ko WHEA-Logger sun cancanci kulawa. Amma a yi hattara da Kernel-Power 41 da wasu ke nunawa a matsayin hujjar lalacewar akwatin wuta. Abin da kawai yake faɗa shi ne an kashe injin ba ta hanyar da ta dace ba, kuma ko ɗauke wuta aka yi zai fito.

Gwajin da ke raba gardama

Hanya mafi tsabta ta raba laifin manhaja da na gangar jiki ita ce a tayar da kwamfutar da wata babbar manhaja daban ba tare da an taɓa Windows ɗin da ke ciki ba. Linux Mint kyauta ce, girmanta kusan gigabait 3, kuma da manhajar Rufus ana ɗora ta a kan filash mai gigabait 8. A tayar da injin daga filash ɗin, a buɗe bidiyo, a buɗe shafuka da yawa, a bar shi ya yi aiki na sa'o'i a daidai lokacin da ya saba daskarewa.

Idan ya daskare a nan ma, Windows ta wanke kanta, fomatin ba zai yi amfanin komai ba. Idan kuwa ya yi aiki lafiya, zargi ya koma kan abu biyu: Windows da direbobinta, ko kuma ma'adanar da Windows ke zaune a kai, tunda gwajin filash bai taka ta ba. Shi ya sa ko a nan ba a gaggawar fomatin sai an duba lafiyar ma'adana. Wani amfanin wannan filash shi ne, ko Windows ta ƙi tashi gaba ɗaya, ana iya shiga ta nan a kwashe fayiloli. Matasa uku ko huɗu masu shaguna a gari ɗaya za su iya haɗa data su yi filash guda su riƙa ara wa juna.

Zafi da ƙura: waɗanda ya kamata a fara tuhuma

A ƙasar Sakkwato zafin watannin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40, kuma cikin shago mai rufin kwano ya fi haka. Fankar kwamfuta ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa a kan firosesa. Saboda haka injin da ya yi shekaru a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Turai ko Amurka a kan digiri 22, idan aka kawo shi ɗakin da ke digiri 42, duk abin da ke cikinsa zai ƙara zafi da kusan digiri 20 ko da babu abin da ya lalace. Sannan ga ƙurar hunturu da ta taru daga Disamba zuwa Fabrairu ta toshe haƙoran ƙarfen da ke kwashe zafi, ta zama kamar bargo. Hunturu ya ɗora ƙura, bazara ta zo ta same ta, shi ya sa rikicin kan fara a watan Maris.

Yawancin firosesan Intel na rage gudunsu da kansu idan suka kusa digiri 100, in abin ya ci gaba su kashe injin. Don haka alamar zafi ita ce fanka ta yi ta ƙara, aiki ya yi nauyi, sannan a daskare ko a mutu. Manhajar HWMonitor ko HWiNFO na nuna zafin a fili. Firosesan da ke kan digiri 70 ko 80 alhali ba a aikin komai yana neman taimako.

Maganin ba shi da tsada. A cire wuta daga soket, a buɗe gefen akwatin, a hure ƙurar da bulowa a waje, a riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. A tabbatar kowace fanka na juyawa. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi kan bushe bayan shekaru, kuma sabunta shi aikin minti goma ne. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a raba shi da bango, a daina rufe shi da zani yana aiki. Gwaji mai sauƙi shi ne a bar gefen a buɗe a juya fankar ɗaki tana hura ciki. Idan daskarewar ta tsaya, an kama ɓarawon.

Wuta

Kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai tare mata faɗuwar wuta kamar laftof ko waya. A cikinta akwai akwatin da masu gyara ke kira fawa fak, wanda ke karɓar wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Ƙa'ida ta yarda layin bolt 12 ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100 kawai, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Tsohon fawa fak da ya sha zafi da wuta mai hawa da sauka kan kasa riƙe wannan iyaka idan aiki ya yi nauyi, sai injin ya daskare ko ya sake tashi da kansa ba tare da wani saƙo ba.

A shagon da ƙaramin janareta ke ɗauke da komai, injin fotokwafi da firintar laza da na'urar lamineshin duk suna da abin ɗumama da ke fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi. Wannan fizgar kan isa ta girgiza kwamfutar da ke layi ɗaya da su. A nan kwamfutar ba ta da laifi ko kaɗan. A gwada ta ita kaɗai a kan wuta mai kyau na yini ɗaya. A sa mata UPS ko sitabilaiza, amma kada a haɗa firintar laza a kan UPS ɗin, domin masu ƙera su da kansu sun hana.

Gargaɗi biyu a nan. Kada wanda ba ƙwararre ba ya buɗe cikin fawa fak, domin yana riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an cire shi daga soket. Hanyar gwada shi ita ce a ari wani mai lafiya a musanya. Sannan wasu tsofaffin injinan da aka shigo da su daga Amurka suna da ƙaramin jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. A Najeriya dole ya tsaya a kan 230, in ba haka ba zai ƙone nan take.

RAM da ma'adana

Akwai bambanci tsakanin RAM da ta lalace da RAM da ta yi kaɗan. Kwamfuta mai gigabait 4 da aka buɗe wa Chrome da shafuka goma sha biyar, ga CorelDRAW, ga Word, za ta yi kamar ta daskare alhali lafiyarta ƙalau. Task Manager zai nuna RAM ta cika, ma'adana kuma na kan kashi 100. Wannan cunkoso ne, maganinsa ƙarin RAM ko sauya HDD da SSD, kamar yadda waya mai ƙaramar RAM ke yi idan an tara mata manhajoji.

Don gano lalacewa, Windows na da nata gwajin mai suna Windows Memory Diagnostic, amma MemTest86 da ake tayarwa daga filash ya fi zurfi. A bar shi ya kammala zagaye huɗu, ko da zai kwana. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja. Kafin a jefar da RAM ɗin, a cire ta, a share bakinta mai ruwan zinare da busasshen ƙyalle mai tsabta, a hure ramin, a mayar da ita da kyau, domin ƙura da jijjigar mota kan sassauta ta. Idan guda biyu ce, a gwada ɗaya bayan ɗaya, a kuma sauya rami, don a san ko ita ce ko ramin.

Ma'adanar HDD mai mutuwa tana da nata salon. Linzami na motsi amma manhajoji sun tsaya, fitilar ma'adana a gaban akwati ta kunnu ta ƙi ƙiftawa, wani lokaci a ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙaramin ƙarfe. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da ma'adanar ke ajiyewa da kanta. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuma haɗari. Tana kuma nuna sa'o'in da ma'adanar ta yi tana aiki. Shekara ɗaya sa'a 8,760 ce, don haka wadda ta nuna 35,000 ta yi kimanin shekara huɗu ba dare ba rana kafin ta iso. Duk mai sayen kwamfutar tokumbo ya kamata ya duba wannan lamba a gaban mai sayarwa. Idan kuma kuskuren da ke ƙaruwa mai ɗauke da sunan CRC ne, sau da yawa kebul ɗin SATA ne, abu mafi arha a cikin akwatin.

Bod shi ne na ƙarshe a jerin. A haska shi da tocilar waya a dubi kafasitoci, waɗannan ƙananan gwangwanaye da ke tsaye. Saman lafiyayye a shafe yake. Wanda ya kumbura ko ya fitar da abu mai launin tsatsa ya lalace, kuma mai gyaran rediyo ko talabijin da ya iya riƙe abin narka dalma yana iya sauya shi. Ba a cewa bod ya mutu sai an wanke zafi da wuta da RAM da ma'adana daga zargi.

Abin da masu fomatin za su ce

Masu gyara suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Za su ce fomatin aikin sa'a ɗaya ne, gwaji kuwa yini ne ko fiye, kuma kwastoma ba ya biyan kuɗin lokacin bincike. Za su ce kwamfutocin shaguna cike suke da bairos saboda filash ɗin kowa na shiga, ga manhajojin sata, don haka sau da yawa fomatin na aiki. Gaskiya ne yana aiki a wasu lokuta. Idan gwajin filash ya nuna injin lafiya, ma'adana ta nuna shuɗi, zafi daidai, to sake loda Windows shi ne maganin da ya dace. Matsalar ita ce yin sa a farko, a makance. Duba zafi da lafiyar ma'adana ba ya wuce minti goma sha biyar, gwajin RAM kuma yana yin kansa da dare ba tare da kowa ya tsaya a kai ba.

Wasu kuma za su ce injin ya tsufa, gara a haƙura. Wannan ma na da ƙamshin gaskiya, musamman da Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma yawancin injinan da firosesansu ya girmi ƙarni na 8 na Intel ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Amma ko shawarar rabuwa da injin ma tana buƙatar sanin abin da ya same shi. Idan ƙura ce ko kebul, zai iya ƙara shekaru yana buga takardu. Idan bod ne, RAM ɗinsa da SSD ɗinsa da sikirin ɗinsa suna da sauran amfani. Idan kuma wutar shagon ce, sabon injin da aka sayo da bashi zai kamu da ciwon da ya kama tsohon.

Laifin ba na masu gyara kaɗai ba ne. Kwastoman da ke ganin bincike ba aiki ba ne, wanda ba zai biya ba sai ya ga an sauya wani abu, shi ke koya wa mai gyara ya riƙa sauya abin da bai lalace ba. Ya kamata a saba da biyan kuɗin dubawa daban, kamar yadda ake biyan kuɗin gwajin jini kafin a sayi magani.

Idan tafiya birni ta zama dole

Wanda ya gwada abin da zai iya bai gano ba, ya tafi Sakkwato da shaidarsa a waya: tarihin lokutan daskarewa, hoton shuɗin allo, hoton zafin firosesa, hoton rahoton ma'adana. Ya kwashe fayilolinsa kafin ya fita. Ya kuma yi wa mai gyara tambayoyi uku cikin ladabi: Injiniya, me aka gwada? Me gwajin ya nuna? In an sauya wannan abin matsalar ba ta tafi ba, yaya za a yi? Ya nemi a ba shi tsohon abin da aka cire, ya kuma nemi a bar injin ya yi aiki mai nauyi na sa'a ɗaya ko biyu a gabansa kafin ya ɗauka. Mai gyara na gari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin sun rage masa rabin aiki.

Akwai kuma dama a nan ga matasan Boɗinga da Shagari da Yabo. Makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi da asibitoci da shaguna duk suna da kwamfutocin da aka jingine a lungu an ce sun mutu. Kayan da ake buƙata don duba su ba su da yawa: sukudireba, bulowa, filash biyu, man firosesa, RAM ɗaya da fawa fak ɗaya masu lafiya na gwaji, da wayar da ke aljihu. Matashin da ya koyi bin matakan nan a jere, ya riƙa faɗa wa mutane gaskiyar abin da ya gani, zai rage wa garinsu zirga-zirgar birni, kuma zai ci abinci da sana'ar. Lokacin da ya fi dacewa ya fara shi ne ƙarshen Fabrairu, da ƙurar hunturu ta lafa, kafin zafin Maris ya sauka a kan injinan da ba a share ba.